Daminar da Aka Shimfiɗa Mini Buzu

Yau kwana goma sha biyu rabonmu da ruwa. Masara tana naɗe ganye tun kafin hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi fari ta fara tsagewa. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da wuya a sama. Jiya muna fitowa daga masallaci, Alhaji Bala mai sayar da taki ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Malam Sani, ko dai a shimfiɗa maka buzun ne?" Aka kwashe da dariya, har da samarin da ko iyayensu ba su yi aure ba lokacin da abin ya faru. Na yi yaƙe na wuce, amma wallahi har na isa gida raina yana tafasa. Shekara arba'in da ɗoriya ana yi mini wannan ba'a duk daminar da ruwa ya ɗauke, kuma ba wanda ya taɓa zama ya ji yadda aka yi daga bakina. To yau zan faɗa, mai dariya ya yi abarsa.

Ni ne na farko a ƙauyenmu, can tsakanin Tsiga da Malumfashi, da ya taka jami'a. Abin da na je karantawa shi ne adabin Turanci, wato labarai da waƙoƙin da Turawan Ingila suka rubuta. Kada ka tambaye ni dalili. Malaminmu na sakandare ne ya ce ina da kan Turanci, ya cike mini takarda, ni kuma na sa hannu. Da na zo na gaya wa mahaifina, kalma ɗaya ya kama a cikin maganar, ita ce karatu. A wurin Baba karatu iri ɗaya ne duk duniya: mutum ya zauna da littafi yana neman abin da zai amfane shi ya amfani jama'a, ko da Larabci ko da Turanci. Ya sa mini albarka. Ban yi masa ƙarin bayani ba, shi ma bai nema ba.

Ƙarshen shekarar farko, ana gobe za a ba da dogon hutu, malamin da ke koya mana littattafan ƙarni na goma sha tara ya shigo aji. Ɗan ƙasar nan ne kamar ni da kai, amma ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa yana cikin kwat, da laima a hannu. Ya dire mana littattafai uku, kowanne ya kai tubali kauri. Ya ce ranar da aka dawo da jarrabawa a kansu za a fara, wanda ya faɗi ya tattara komatsansa, sashensa ba wurin manoma ba ne. Haka ya ce, manoma, yana yatsine fuska. Ya ƙara da cewa ai hutun ba abin da za mu yi da shi sai barci. Ka ji fa! Hutun da ya faɗo a tsakiyar damina. Rabin ajin 'ya'yan manoma ne, shi kansa na rantse tuwon dawa ne ya raine shi.

Na iso gida na tarar ana cikin wani hali. Shekarar da ta wuce amfani bai yi kyau ba, rumbu ya yi ƙasa tun bazara. A bana kuma an yi binne, aka zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa. Ruwan ya sauka sau biyu, shuka ta fito gwanin sha'awa, sai ya ɗauke ta ƙone. Aka sake shuka da ragowar irin, ta fito, ya sake ɗaukewa. A wannan ɗaukewar ta biyu na zo.

Gandu ɗaya muke da Baffa Mati, ƙanin Baba. Baba ya manyanta, noman awa biyu yake yi ya nemi inuwa. Baffa kurkunu ya kama masa ƙafa, da sanda yake tafiya, 'ya'yansa kuma duk mata ne. Saboda haka gonar dawa, da ta gero, da 'yar gonar auduga, duk a wuyan mutum ɗaya suke, Yaya Lawal, wanda nake bi. Da safe ya yi namu, da yamma ya tafi ƙwadago gonar wani a biya shi da tiyar hatsi.

An daina ɗora tukunya da rana. Baba da kansa yake shiga rumbu ya fito da abin da za a daka, ba ya aiken kowa. Da safe kunu ne tsararo wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana Inna da matar Baffa su tafi bakin fadama su yago tafasa da rama, a dafa, a kwaɗa da ɗan ƙuli, in babu ƙulin a sa gishiri kawai. In yunwa ta matsa sai a dama garin ɗorawa da ruwa a sha, ciki ya yi ta kuka kamar ana kaɗa ganga. Tuwo sai da magariba, shi ma malmalar ta koma kamar dunƙulen hannu.

Kwana biyu da zuwana, muna zaure bayan sallar asuba, Baffa ya gyara ƙafarsa mai ciwo ya ce, "Yaya, ni dai a ganina yaron nan ya zauna hakan nan. Bokon ya isa. Lawal shi kaɗai zai mutu a gona."

Baba ya ce, "Karatu yake yi, Mati."

"Karatun me? Likita zai zama ko alƙali?"

"Karatu mai amfani. Ranar da aka nuna mini ba shi da amfani, ni da hannuna zan miƙa masa fartanya, kuma ba zai koma ba."

Baffa ya ce, "To, na riƙe wannan."

Ni ma na riƙe ta. Tun daga ranar na san komawata jami'a tana rataye ne a kan abin da Baba yake zaton ina karantawa.

Na ce wa Baba zan riƙa noma da safe in yi karatu da yamma. Ya ce sam, tunda malamaina sun ce in karanta, karantawar zan yi. Abu ɗaya ya nema, in riƙa yin karatun a gona, don albarkar ta sauka inda ake nemanta. A wurinmu ba sabon abu ba ne, mai hali yakan ɗauko malami ya zaunar da shi a gona ya yi masa karatu. Washegari Baba ya ɗauko buzunsa na sallah, wanda ko Inna ba ta taɓawa sai in za ta kakkaɓe, ya kai gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar dawa ya shimfiɗa mini da hannunsa. Inna kuwa da ta ga na ajiye littattafan a ƙasa sai da ta yi salati. Ta kwashe su ta ɗora a kan jere. Kafin mako ya zagayo Baba ya sa baduku ya ɗinka musu gafaka, jakar fata irin ta littattafan addini.

Haka na zauna kwana arba'in. Rana ta fito ta daki ƙasa har zafin ya riƙa ratso buzun. Babu iska, ganyen ɗorawar ko motsi ba ya yi. Can gabana Yaya Lawal ya duƙa, bayansa yana ƙyalli da gumi, fartanya tana dukan ƙasa tana ƙara kamar an doki dutse. Masu wucewa ta hanyar gonar suna rage murya in sun zo kusa da ni. Dattawan da suka goya ni suna ɗaga hannu suna cewa, "Allah gafarta Malam, a sa mu a ciki."

Me nake karantawa? Mutanen da ba su da aikin yi sai ziyarar juna da shan shayi. Wani yana jiran kawunsa ya mutu ya ci gado, shafi ɗari uku kawun ya ƙi mutuwa. A jera musu nama iri uku a kan tebur, wata ta ture faranti ta ce ba ta jin cin abinci don an yi mata wani kallo a wurin rawa. Ina karanta wannan da kwaɗon tafasa a cikina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ruwa. A littattafan nan kusan kullum ana ruwa, kuma ba mai cewa alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka, sai a ja tsaki a rufe taga. Sau nawa na ɗaga kai daga shafin da ake ƙorafin ruwa na dubi samanmu fes babu ko ɗigon girgije, na ji kamar in yi jifa da littafin.

Sai maganar tuwo, wadda har yau in na tuna nakan ji abincin da ke gabana ya fita raina. Inna ta ce karatu yana cin ƙwaƙwalwa, don haka malmala biyu take sa mini, Yaya Lawal ɗaya. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna tana jin tausayinsa a gaban mutane. In ta tura masa akushi sai ta kau da kai. Na sha ganinta tana leƙensa ta gefen zana lokacin da yake ƙara ɗaure mazagin wandonsa, amma ko uffan. Shi kuma bai taɓa duban akushina ba. Ni fa? Na ci. Kada in yi maka ƙarya in ce na tura masa. Yunwa nake ji, kuma ina tsoron in na ce a daidaita za a tambaye ni dalili.

Da abin ya yi tsanani aka fita roƙon ruwa. Gari duka, maza da mata da dabbobi, aka tafi filin idi da hantsi, aka juya riguna, liman ya yi addu'a har muryarsa ta dishe. Tsofaffi suna kuka a fili. Kwana uku bayan nan, da azahar, hadari ya taso, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Ƙamshin ƙasa ya fara isowa kafin ruwan. Sai ya kece kamar da bakin ƙwarya. Inna ta fito da duk wani mazubi da ke gidan ta jera a tsakar gida. Yaya Lawal ya tsaya a cikin ruwan ya buɗe baki yana dariya, ban taɓa ganinsa haka ba. Ni kuwa gudu na yi da gafaka a cikin riga kada littattafan su jiƙe.

Washegari aka fara cewa ai da karatun Malam Sani a ciki. Wata tsohuwa ta kawo mini ƙwan zabi biyu sadaka. Na kai wa Yaya Lawal, ya ce in ci abina, na malamai ne.

Ruwa ya zauna, dawa ta farfaɗo, ciyawa kuma ta taso ta fi ta sauri. Cikin kwana goma gonar ta rufe, mutum ɗaya ba zai iya da ita ba. Baba ya yanke shawarar kiran gayya. Yaran yanzu ba su san gayya ba. Yau in ciyawa ta taso sai ka ga mutum ɗaya ya goyo tankin feshi a kan babur, kafin azahar ya gama ya tafi. A da kuwa sai ka bi gida gida da goro kana gayyata, ranar kuma gari ya fito maka da fartanya, kai naka ciyarwa. Ciyarwar ce tashin hankalin. Baba ya shiga rumbu ya share abin da ya rage, Inna da matar Baffa suka kwana biyu suna daka. Kowa a gidan ya san bayan gayyar nan sai dai a jira tumun gero.

Ranar gayya mutum ya kai talatin. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, makaɗi yana bayansu da gangarsa yana zuga su, ƙasa mai laushi tana juyewa baƙa. A al'ada 'ya'yan mai gona ne a gaban layi. Yaya Lawal yana can, ni ina kan buzu. Da rana ta take aka kawo fura da tuwo, jama'a suka taru a gindin ɗorawar, suka kewaye ni da ɗan rata saboda girmamawa.

Sai Baffa Mati ya dogara sandarsa ya matso. Daga baya na ji ashe ranar kasuwar Malumfashi ya tare wani hedimasta ya tambaye shi mene ne adabin Turanci, aka gaya masa. Ya haɗiye abinsa mako biyu yana jiran taro.

Ya ce da murya mai daɗi, "Malam Sani, ga jama'a sun yi mana aiki. A karanta musu ko shafi ɗaya ne a fassara, su ma su samu albarka."

Aka ce, "Gaskiya ne, gaskiya ne." Baba yana murmushi ya ce, "Karanta musu, Sani."

Babu mai jin Turanci a wurin. Da na ce littafin yana bayanin maganin ciwon shanu ne ko dokar filaye, da an yi amin an tashi. Har na buɗe baki. Sai idona ya faɗa kan Yaya Lawal yana zaune daura da ni, ya tuɓe riga, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Na kasa. Na dubi shafin da na tsaya, na fassara shi yadda yake. Matar wani attajiri ce ta shirya fita shan iska bakin tafki da baƙinta, an soya kaji an cika kwanduna, sai aka wayi gari da ruwa. Ta tsaya a taga tana tsine wa ruwan, tana cewa ya ɓata mata rana, ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci.

Sarkin noma ya ajiye ludayinsa ya ce, "Me ka ce ta tsine wa?"

"Ruwan sama."

"A'uzu billahi! Su ba su da gona ne?"

"Suna da ita, wasu ne ke noma musu."

Baffa ya ce, "A wane gari take, wannan baiwar Allah?"

Na ce, "Ba a kowane gari take ba, Baffa. Mai littafin ne ya ƙaga ta."

"Wato ba a yi ta ba?"

"Ba a yi ta ba."

"Mijin fa?"

"Shi ma."

"Kajin fa?"

Nan dariya ta ɓarke. Baffa ya ɗaga sanda ya ce, "Jama'a, kun ji da kunnenku. Tatsuniya ce! Kwana arba'in ɗanmu yana zaune a kan buzun sallah yana tatsuniya da rana tsaka, abin da ko yaro aka kama yana yi sai an kwaɓe shi."

Samari har da faɗuwa. Makaɗi ya ɗauki maganar ya sa a ganga nan take. Amma dattawa ba su yi dariya ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda jiya jiya ya ce in sa shi a addu'a, ya tofar da yawu ya ce ai shi ya sa ruwa ya ɗauke, ana tsine masa a tsakiyar gona. Ka ji mutane! Da ya sauka ni na jawo shi, da asiri ya tonu kuma ni na kore shi, alhali tun kafin in zo gari ya ɗauke. Ba wanda ya tuna da wannan, ko ya tuna bai faɗa ba.

Baba ya miƙe ya zo kaina ya ce, "Tashi." Na tashi. Ya ɗauki buzunsa, ya kakkaɓe, ya naɗe, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar gida. Mai gayya ya bar baƙinsa a gona, abin da ba a taɓa yi ba a garinmu. Aka ƙarasa noman ba daɗi, aka watse tun kafin la'asar.

Washegari da asuba na tarar da fartanya a jingine a ƙofar ɗakina. Baba ya cika maganarsa.

Kwana huɗu na yi ina noma. Hannun da ya shekara yana riƙe biro ya yi ƙulu ƙulu, ya fashe, ƙotar fartanya tana mannewa da jini. Bayana ya ƙi miƙewa. Baba ba ya yi mini magana, in na gaishe shi sai ya amsa yana duban wani wuri. Ya daina zama a dandali bayan sallah, saboda yana zuwa sai a yi shiru. Wannan ya fi mini ciwo da hannun. Inna ta sauke littattafan daga kan jere ta tura su ƙarƙashin gado. Baffa kuwa ƙafa ta yi sauƙi, har waƙa yake yi. Ina jin haushinsa, ina jin haushin mai laima, ina jin haushin mutanen garin, amma na fi jin haushin kaina da malmala tamanin da na ci.

Rana ta biyar, da muka zauna hutawa a gindin ɗorawar har da Baba da Baffa, Yaya Lawal ya kwance buhun da ya zo da shi ya zazzage. Littattafan nan uku suka zubo. Ya durƙusa gaban Baba. Mutum ne da sai ya yi wuni bai yi magana goma ba.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni, ina da magana."

"Ina jin ka."

"Ni tun ranar da ya zo na san ba littafin Allah ba ne. Na ga hoton mace da hula a bangonsa kafin a ɗinka gafakar. Kwana arba'in ina kwana da rabin ciki, ba don albarka na yi ba. Na yi ne don ɗaya daga cikinmu ya fita daga cikin ranar nan. Yanzu a ce ya zauna? To yunwar da na sha wa ta yi wa aiki?"

Baffa ya ce, "Kai Lawal, tatsuniya fa!"

"Na ji, Baffa. In gwamnati ta ce sai an yi mata tatsuniya za ta ba mutum aiki, a yi mata. Mu ma audugar da muke nomawa ai ba cin ta muke yi ba." Ya juyo ya nuna inda na nome. "Kuma a dubi aikinsa. Rabin abin da yake sarewa dawa ce. In ya ƙara mako guda a gonar nan sai mun yi bara."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ga haushi ga kunya. Baba ya juya wajen Yaya Lawal. Ya ce, "Kai ke ɗauke da gandun. In ka yarda ya tafi, ya tafi. Amma ba a kan buzuna ba." Har ya bar duniya bai sake tambayata me nake karantawa ba.

Sauran hutun a kan saiwar ɗorawar na ƙarasa shi, ba shimfiɗa, cinnaku suna cizona. Masu wucewa yanzu da ƙarfi suke magana, wasu su tambaye ni ko matar ta samu ta je bakin tafkin. Na toshe kunnena na karanta littattafan nan uku tas, na sake bi. Tuwo kuwa na ce wa Inna ta haɗa mana a akushi ɗaya ni da Yaya. Gero ya nuna, aka fara gasa tumu, gida ya ɗan dawo hayyacinsa.

Ranar tafiya Yaya Lawal ne ya ɗaukar mini akwati har bakin titi. Da mota ta tsaya ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, duk abin da mutumin nan yake son ji, ka gaya masa. Kada ka dawo mini da faɗuwa."

Aka shiga jarrabawa. Mai laima yana zagayawa tsakanin kujeru, takalminsa yana ƙwas ƙwas. Na buɗe takarda. Babbar tambayar, wadda ta ɗauki rabin maki, cewa ta yi mu bayyana yadda marubucin ya yi amfani da ruwan sama wajen nuna baƙin ciki da rashin sa'a.

Na fi minti goma riƙe da biro ban rubuta komai ba. Ina da amsa a shirye. Ina so in rubuta masa cewa matar nan butulu ce, marubucin kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. In gaya masa yadda gari guda ya juya riguna yana kuka, da yadda ƙasa ke ƙamshi, da yadda ƙato kamar Yaya Lawal ya buɗe baki a cikin ruwa. Na san kuma in na rubuta haka zai ja jan layi ya ce ga manomin nan, in tattara komatsaina.

Na duƙa na rubuta shafi huɗu. Na ce ruwan sama alamar baƙin ciki ne. Na ce baƙin hadari yana nuna masifa tana tafe. Na ce duk inda aka ji saukar ruwa a kan rufi to zuciya ce take kuka. Na kawo misalai daga littattafan uku, da lambar shafi. Hannuna da bai gama warkewa ba yana zafi, ina rubutawa ina tsine wa kaina.

Na ci. Ba ci kawai ba, takardata mai laima ya ɗauko ya karanta wa aji, ya ce a ƙarshe dai ga ɗan ƙauye guda da ya fara wayewa. Aka tafa mini. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da aka ba da ɗan hutu na zo gida, na tarar ana yankan dawa. Ba ta yi yadda ake so ba, amma za ta kai mu wata damina. Yaya Lawal yana ɗaure dami, ya hango ni ya miƙe, ya share gumi da bayan hannu.

"Ka ci?"

"Na ci, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Me suka tambaye ka?"

Na ce, "A kan ruwan sama ne."

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ya ce, "Ashe abu mai sauƙi! Wannan ai ko ni aka tambaya sai in ci."

Na ce masa haka ne, na duƙa na kama masa ɗaurin damin. Har Allah ya karɓi ransa ban gaya masa abin da na rubuta ba.